Jari-hujja da Gurguzu a Ma'aunin Zangon Agege

Jari-hujja da gurguzu tsare-tsare ne biyu da suka saɓa a kan wanda ya cancanci ya mallaki hanyoyin samar da dukiya, kamar gona da masana'anta da banki da ma'adinai, da kuma wanda zai yanke farashi. A jari-hujja mutum ko kamfani ke da mallaka, kasuwa ke sa farashi, riba ta mai jari ce, asara ma tasa ce. A gurguzu manyan kadarori na al'umma ne, wanda a aikace yakan zama hannun gwamnati, ita ke tsara abin da za a samar da yadda za a raba shi. Masu goyon bayan na farko sukan kafa hujja da littafin Adam Smith na 1776, wanda ya nuna cewa neman riba da gasa kan wadata jama'a ko da ɗan kasuwa bai yi niyyar hakan ba. Na biyu kuwa suna jingina da Karl Marx, wanda a 1867 ya bayyana riba a matsayin gumin ma'aikaci da ba a biya shi ba. Rasha ta gwada gurguzu daga juyin juya halin 1917 har zuwa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Ta yaƙi jahilci, ta gina masana'antu cikin ƙanƙanen lokaci, amma yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane bayan an ƙwace gonaki daga hannun manoma.

Nijeriya ba ta taɓa bin ɗayan biyun tsantsa ba, amma ta ɗanɗana kowanne. Zangon Hausawa na Agege a Legas wuri ne da ya dace a auna su, domin fatauci ne ya kafa shi, kuma mazauninsa na da ƙafa ɗaya a birnin da kuɗi ke mulki, ɗaya a Kanon Malam Aminu, jagoran siyasar talakawa.

Goro ne ya tara Hausawa a Agege. Kafin zuwan Turawa fatake kan yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna kafin su dawo da shi Kano. Da aka shimfiɗa dogo daga Legas ya ratsa Agege zuwa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, manoman Yarabawa na yankin suka dasa irin goron da Arewa ke so, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Cinikin ya tsaya ne a kan mai gida. Shi ke sauke baƙon da ya zo daga Arewa, ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da kaya bashi. Yaransa su shiga ƙauyuka sayo goro, a zube shi a tsince mai tsutsa, a ware fari da ja, a jera a huhu tsakanin ganye don kada ya bushe, 'yan dako su ɗora a wagon jirgi. Duk wannan babu takardar banki. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabon Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa amana da tsoron zubewar mutunci a cikin zango su ne suka tsaya a matsayin jingina, musamman a cinikin shanu, inda mahauci kan karɓi sa ya yanka ya biya daga baya. Har yau da ragowar wannan tsari ake cinikin shanun da ake kawowa mayankar Oko-Oba daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari.

Mai kare jari-hujja ba ya buƙatar ya je Amurka neman misali. Babu ma'aikatar gwamnati da ta tsara wannan ciniki, amma goro na isa Gashuwa da Maraɗi da ɗanyensa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara ne da fataucin goro, yana cikin waɗanda suka fara ɗauko shi ta teku daga Gwalkwas zuwa Legas, sannan ya koma sayen gyaɗa. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Yaro kan yi wa mai gida hidima shekaru, a sallame shi da jari, shi ma ya zama mai gida. Ƙofar a buɗe take, ko da ba kowa ke shiga ba.

Mai sukar tsarin kuwa zai ce a ƙirga waɗanda ba su shiga ba. Ɗan dakon da ya tsufa a kasuwar Mile 12 ba shi da fansho. Mai gadi da mai shayi da mai wankin takalmi, idan ciwo ya kwantar da su, sai dai a yi musu karo-karo a masallaci a sa su a mota zuwa gida. Matashin da ke tuƙa babur ko keke na wani, kafin ya ci ko ya sha sai ya haɗa balas ɗin mai abin hawa, ya biya kuɗin tikiti a tasha, ya zuba mai, abin da ya rage shi ne nasa. Ranar da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, daga 1 ga Yunin 2022, wanda ya karɓi babur bashi ya wayi gari ba sana'a, bashin kuma na nan. Alherin mai gida gaskiya ne, amma alheri ne, ba haƙƙi ba. In ya ga dama ya yi, in bai yi ba babu kotun da za a kai shi.

Daga irin wannan ƙorafi siyasar talakawa ta tsiro a Arewa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma sanarwarta ta Sawaba ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Sai dai yana da kyau a lura da su wane ne 'yan NEPU: teloli, mahauta, 'yan koli, malaman zaure, ƙananan 'yan kasuwa. Ba su nemi a ƙwace rumfar kowa ba. Faɗansu da haraji ne da aikin tilas da 'yan doka da alƙalin da ke duban fuskar hakimi kafin ya yanke hukunci. Da magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, Rimi ya sa 1 ga Mayu ta zama ranar hutun ma'aikata a Kano tun 1980, kafin tarayya ta bi sahu. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Jam'iyyar ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, majalisar Kaduna da jam'iyyar NPN ta mamaye ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, jagoran jam'iyyar Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983.

A daidai wannan lokaci Legas na hannun Lateef Jakande na jam'iyyar UPN, wadda jagoranta Obafemi Awolowo ya daɗe yana kiran kansa mai ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya. Jakande ya mayar da ilimi kyauta, ya gina ajujuwa da yawa har aka daina karatun safe da na yamma a makarantun gwamnati, ya gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi, ciki har da na Abesan a Ipaja, maƙwabciyar Agege. An yi wa ajujuwan ba'a saboda rashin kyan gini, amma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun yi karatu a cikinsu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ra'ayin gurguzu ke da ita a Legas, kuma ba a ƙwace kantin kowa ba kafin a yi ta.

Inda gwamnati ta shiga ciniki da kanta, labarin ya sha bamban. Hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949 ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar ta tafi ga ayyukan gwamnati da na 'yan siyasa. Dalar gyaɗar da ake alfahari da hotonta, wani ɓangarenta haƙƙin manomin Kazaure da Gumel ne da aka danne. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka ba wani kamfanin Sobiyet kwangilarsa a 1979, har yau bai narka tama ba. Matatun mai huɗu na gwamnati a Fatakwal da Warri da Kaduna, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a rana, sun shafe shekaru suna cin kuɗin gyara alhali ƙasar na shigo da fetur daga waje. Kayan gwamnati a idon mai kula da shi tamkar akuyar gayya ce, kowa na tatsa, babu mai kai ta kiwo.

Duk da haka, da Janar Babangida ya kafa kwamitin Samuel Cookey a 1986 don jin irin tsarin da 'yan ƙasa ke so, rahoton da ya miƙa a 1987 ya ba da shawarar a bi gurguzu. Gwamnati ta yi watsi da shawarar, domin tun a 1986 ta riga ta rungumi shirin SAP: an karya darajar naira, wadda kafin nan take kusan kai ɗaya da dala, an rushe hukumomin sayen amfanin gona, an fara sayar da kamfanonin gwamnati. A Mayun 1989 zanga-zangar ƙin SAP ta girgiza Legas. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda tsadar kayan gyara da rashin wuta da yadin waje suka taru a kansu, sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawan matasan da ke sauka daga tirela a Agege yau 'ya'yan waɗancan ma'aikata ne ko na manoman audugar da ke ciyar da masaƙun.

Sakin kasuwar bai haifi sakamako iri ɗaya ba, kuma a nan ne mahawarar ke da daɗin bi. Kafin 2001 layukan tarho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 100. Aka yi gwanjon lasisin wayar salula a farkon 2001, kamfanoni suka shiga gasa, Globacom ya zo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Yau dillalin shanu a Oko-Oba na jin farashin Potiskum kafin mota ta taso, ya tura kuɗi gida ta waya ba tare da ya damƙa wa direba ba. Wutar lantarki kuwa an miƙa rarraba ta ga kamfanoni 11 tun daga Nuwamban 2013, kowanne da yankinsa, babu mai gasa da shi. Mai shagon ƙanƙara a Agege ba shi da wani kamfani da zai koma wa idan bai gamsu ba, sai janareta. A waya an samu gasa, a wuta an sauya mai gida ne kawai.

Matatar Ɗangote ta Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023, kowane ɓangare na kafa hujja da ita. Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, ya gina abin da gwamnati ta kasa gyarawa, wannan ba a musu. Amma ƙarfin da ya kai shi nan ya samu ne a siminti, bayan gwamnati ta taƙaita shigo da shi daga waje don kare masu yin sa a gida, wato hannun hukuma na cikin ginin wannan jari tun daga tushe. Kuma mako guda bayan ƙaddamar da matatar aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin motar tumatir da albasa daga Arewa ya tashi, mai saye da ɗan dako suka raba nauyin.

Mafi yawan mazauna zango ba da Smith ko Marx suke auna al'amarin ba, da fiƙihu suke aunawa. Musulunci ya halatta ciniki da mallaka, kuma an rawaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada. Ya kuma haramta riba ta kuɗin ruwa da ɓoye abinci don ya yi tsada, ya wajabta zakka, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, sannan rabon gado na warwatsa dukiya a kowane zamani. Wannan ne ya sa ɗan kasuwar Agege zai yi tir da gurguzu saboda ƙwace da kuma rashin addinin da aka san Sobiyet da shi, ya juya ya yi tir da banki mai kuɗin ruwa, ba tare da ya ga ya yi tufka da warwara ba. Sai dai zakkar da ake rabawa a ƙofar gida naira dubu-dubu ba ta gina asibiti.

Abin da tarihin Agege ya nuna shi ne, saye da sayarwa sun fi kyau a hannun 'yan kasuwa matuƙar akwai gasa ta gaskiya, makaranta da asibiti da ruwan sha kuma ba a taɓa wadatar da talaka da su ba sai da hannun hukuma. Nijeriya ta daɗe tana yin akasin haka: gwamnati ta riƙe ciniki ta lalata shi, ta sayar wa na kusa da ita ba tare da gasa ba, ta bar wa talaka kuɗin makaranta da na magani. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tafiyar da tattalin arziki ta yadda dukiya za ta taru a hannun 'yan tsiraru, amma sashen na cikin babi na biyu, wanda kundin da kansa ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiki da shi.