Kwana Uku Kacal: Maganin Feshin Hanci Da Toshewar Lokacin Hunturu

Kafin mu shiga cikin shirin, ina so kowa ya yi wani ɗan gwaji daga inda yake zaune. Sa yatsa ka toshe ƙofar hancinka ta dama, ka shaƙi iska. Yanzu sauya, toshe ta hagu. Akasarinku za ku ji ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, kuma in kun sake gwadawa bayan 'yan sa'o'i, za ku tarar sun yi musaya. Wani likita mai suna Richard Kayser, a birnin Breslau wanda a yau yake cikin ƙasar Poland, shi ya bayyana wannan abin mamaki a shekarar 1895. Hanci karɓa-karɓa yake yi. A cikin kowace ƙofa akwai tsoka mai laushi kamar soso, cike da jijiyoyin jini. Wannan ɓangare ya cika ya kumbura ya huta, wancan ya motse ya ɗauki aikin numfashi, can kuma su juya. Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin zancenmu na yau: yawancin abin da muke kira toshewar hanci kumburin jijiyoyin jini ne. Shi ya sa mutum zai yi ta fyace majina har hanci ya yi ja, amma hanya ba ta buɗe ba.

To, idan hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo ya lulluɓe gari, ko kuma ciyayi suka saki ƙurar furanninsu a ƙarshen damina, mai alaji sai jikinsa ya ɗauki ƙurar a matsayin abokin gaba. Atishawa, ƙaiƙayi, zubar hawaye, sannan wannan soson ya kumbura ta ko'ina. Nan ne ake garzayawa kemis a sayo ƙaramar kwalba irin su Otrivin ko Afrin, masu sinadarin xylometazoline ko oxymetazoline. Aikinsu ɗaya ne, su matse jijiyoyin nan. Cikin minti goma hanci ya buɗe wayam, ya kuma kai awa goma zuwa goma sha biyu a haka. Wanda ya kwana uku yana numfashi da baki, leɓe a bushe, maƙogwaro kamar an zuba yashi, ya san irin daɗin wannan fesawa ta farko.

Amma wannan sauƙi bashi ne, kuma mai kuɗin ruwa. Jijiyar da ake ta matsewa dare da rana takan saba, ta daina jin maganin kamar da. Yana sakinta sai ta cika fiye da farko. Fesawa biyu a yini ta koma huɗu, ta koma shida, kwalba ta tare a aljihu da ƙarƙashin matashi. Mutum yana zaton alajinsa ne ya tsananta, alhali maganin ne ya zama cutar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Likitoci sun san wannan tun shekarun 1940. Saboda haka ne takardar da ke jikin kwalbar a Amurka ta ce kada a wuce kwana uku a jere, wasu ƙasashe kuma ba su yarda a haura mako ɗaya ba. Yanzu ku auna da kanku. Hunturu wata uku ne ko huɗu, maganin kuwa na kwana uku ne. Kwana uku, jama'a. Ba a yi shi don ya raka mutum har ƙarshen hunturu ba.

Wani zai ce, ai a hanci kawai nake fesawa, ba haɗiyewa nake yi ba. Gaskiya ne kaɗan ne ke shiga jini, amma maganin da ke matse jijiya ba abin wasa ba ne ga mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko hawan ruwan ido, ko dattijon da fitsari ke masa wuya. Su da mai juna biyu su fara tambayar likita. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ƙaramin yaro da ya haɗiye abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba yana iya suma, numfashinsa ya yi ƙasa. A ɗaga kwalbar sama, kuma kada a fesa wa yaro ɗan ƙasa da shekara shida sai da umarnin likita.

Wani kuma zai ce, to in na ajiye, da me zan yi barci? Tambaya ce mai nauyi, kuma tana da amsa. Akwai feshin da ke kashe kumburin daga tushe, irin su fluticasone da mometasone. Ba ya buɗe hanci nan take, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu, amma ba ya kama mutum, kuma ana iya amfani da shi tsawon lokacin ƙurar. Sai ƙwayoyin alaji kamar cetirizine da loratadine, da wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, da takunkumi ranar da hazo ya yi kauri. Feshin gaggawa ya riƙe ka a kwana ukun farko, kafin waɗannan su kankama.

Lokaci na ƙure mana. Wajen fesawa: fyace hanci, sunkuyar da kai kaɗan, hannun dama ga ƙofar hagu, bakin kwalbar ya kalli wajen kunne, shaƙa a hankali. Kowa da kwalbarsa. Wanda kuma ya riga ya saba, ya daina a ƙofa ɗaya tukuna, in ta warware ya bar ɗayar. Mako ɗaya zuwa biyu na wahala ne, likita zai taimaka. Ranar da ka fara fesawa, rubuta kwanan watan a jikin kwalbar.