Ko Inabi Zai Yi a Ƙasar Sakkwato?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani zai iya ganin inabin da ake nomawa a ƙasar Kudan da Hunƙuyi. Saboda haka wasu ƙungiyoyinmu na gama kai suna tambaya, ko mu ma mu zuba kuɗin asusu cikin wannan noma? Amsarmu ita ce, inabi zai iya yi, amma ba a kowace gona ba, ba kuma a kowane wata ba. Sai mun duba abu uku: yanayi, da ƙasa, da iri.

Yanayinmu

A Sakkwato ruwan shekara wajen inci 25 ne, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba. Zariya tana samun wajen inci 40, kuma ta fi mu sanyi domin tana kan tudu. Ƙarancin ruwan sama ba aibi ba ne ga inabi. Babban abokin gābarsa shi ne laima, gama ita ke kawo fumfunar da ke cin ganye, ta ruɓar da 'ya'ya. Hunturunmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ranarsa mai haske da darensa mai sanyi, shi ne lokacin da 'ya'yan za su yi zaƙi.

Haɗarin yana cikin bazara. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ya ƙone 'ya'yan da ba su nuna ba. Don haka dole a tsinke amfani kafin nan.

A Turai sanyi ne ke sa kuringa ta zubar da ganye ta huta. A nan ba ta hutawa da kanta, sai wuƙar manomi ta sa mata lokaci. Manoman Nashik a ƙasar Indiya, inda damina da rani suka yi kama da namu, suna datsa rassa sau 2 a shekara. A Afrilu sukan datse su ƙwarai domin sababbin rassa su fito. A Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, su sake datsawa domin fure. Daga nan wata 4 zuwa 5 sai girbi. Idan muka bi wannan lissafi, inabinmu zai nuna a Fabrairu ko Maris. Wanda ya karanta Yohanna sura 15 ya san aikin wuƙar nan tun dā yake.

Ƙasarmu

Mun saba kai duk noman rani fadama, kamar ta Kwalkwalawa a bakin gulbin Rima, inda albasa da shinkafa ke yi sosai. To, a kula. Albasa wata kaɗan take yi a ƙasa, amma kuringa takan yi shekara 20 ko fiye a wuri ɗaya. Lakar fadama tana riƙe ruwa, idan ambaliya ta kwanta a gindin inabi saiwarsa za ta ruɓe, aikin shekaru ya tafi a damina guda.

Jigawar tudu kuwa tana tsotse ruwa da sauri, abin da inabi ke so ke nan, sai dai ba ta da ƙarfi, tana bukatar takin gida mai yawa. Wuri mafi kyau shi ne gefen fadama, inda yashi ya gauraya da laka, ruwa ba ya hawa, rijiya kuma tana kusa. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 a gani. In an tarar da marmara kusa, ko ruwa ya kwana a ramin, a nemi wani wuri. A kuma lura da ƙasar da ke yin farin gishiri a sama bayan ban ruwa, inabi ba ya jure ta.

Ban ruwa wajibi ne tun daga Oktoba har girbi. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, tana taimakon masu noma a bakin Rima, amma kowace ƙungiya ta tabbata rijiyarta ba ta ƙafewa a Maris.

Irin da za a zaɓa

Thompson Seedless kore ne, ba ƙwallo, yana da zaƙi da kasuwa, amma fumfuna na kama shi da wuri. Anab-e-Shahi yana da manyan 'ya'ya da yawan amfani, sai dai yana son rumfa mai ƙarfi, shi ma ba ya jure laima. Bangalore Blue baƙi ne, yana da ƙwallo da ɗan tsami, ya fi su jure cuta, ya kuma dace da matse ruwan sha. Ga mai koyo, iri mai juriya ya fi iri mai tsada. Ba a shuka ƙwallo. Reshe ake yanka mai kaurin fensir, mai ido 3 ko 4, daga kuringar da aka ga 'ya'yanta.

Shawararmu

A Dodoma ta ƙasar Tanzaniya, wuri mai ƙarancin ruwa kamar namu, wani limamin Katolika ya gwada 'yan tsire kaɗan a mishan ta Bihawana a 1957. Yau Dodoma ce cibiyar inabi a ƙasar. Da kaɗan aka fara, mu ma haka ya kamata.

Kada ƙungiya ta ci bashi ta dasa eka guda. A fara da gindi 10 ko 20, iri biyu, a harabar ikkilisiya ko lambun ƙungiya. A yi shinge saboda awaki, a tsare gara daga itacen rumfa, a shirya korar tsuntsaye. A sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta ranar datsa, ranar fure da ranar nuna. Amfanin fari sai a shekara ta biyu, don haka kada a rage gonar gero ko albasa saboda shi. A aiki mutum biyu su ga gonakin Kudan da idonsu, a kuma nemi shawarar malamin gona.

Bayan girbi biyu, littafin nan da aka rubuta shi zai gaya mana ko mu ƙara ko mu tsaya. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.