Kufan da Ba a Rubuta Ba: Daga Pripyat Zuwa Durɓi Takusheyi

Tun da rahotanni suka yawaita kan ƙauyukan yammacin Jihar Katsina da 'yan bindiga suka tarwatsa, musamman a yankunan Batsari, Safana da Ɗanmusa, wasu masu sharhi suka ɗauki ɗabi'ar kwatanta su da garuruwan duniya da aka ƙaurace wa, kamar dai za su tsaya cak su jira masu tarihi. Wannan kwatanci ya kauce, kuma mutumin Sukuntuni ko na Kusada, wanda ya san abin da damina ke yi wa katangar da aka daina yi wa yaɓe, ya fi kowa sanin dalili.

Garin Pompeii na Italiya toka ce ta dutse mai aman wuta ta binne shi a shekara ta 79 Miladiyya, ta kuma adana shi. Pripyat na Yukiren kuwa, wanda aka kwashe mutanensa kusan 49,000 a watan Afrilun 1986 bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl, ginin kankare ne. Kufai a ƙasar Hausa, wato wurin da gari ya taɓa zama sannan ya tashi, na ƙasa ne, shi ya sa Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ya koma tuddai, alhali Surame ta Kanta, da aka gina ganuwarta da duwatsu a ƙarni na 16, har yau tana nuna kanta.

Abin takaicin shi ne ko wanda ya tsira ba a kula da shi. Durɓi Takusheyi, da ke yankin Mani kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, maƙabarta ce ta manyan tuddai waɗanda tarihin baka ke danganta wa Durɓawa, gidan sarautar farko na ƙasar Katsina. Baturen mulki H. R. Palmer ya haƙa wasu daga cikinsu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan a 1992 aka sake tona uku, aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus domin gyara da bincike. A ciki akwai kayan zinariya, da wuri, da duwatsun ado, da tasar ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Musulunci na gabas, shaida ce cewa tun wajen ƙarni na 14 masu mulkin wannan yanki suna cikin kasuwancin da ke ratsa Sahara. An dawo da kayan Nijeriya a 2014, amma ɗalibai nawa na Kankiya aka taɓa ɗauka a mota aka kai su gani, alhali tafiyar ba ta cin yini?

Hukumomin jiha da masarauta ba su da uzurin jira, domin hakimai da dagatai suna da sunayen ƙauyukan da suka watse, kuma dattawan da suka san inda rijiya, masallaci, maƙabarta da iyakar gonar kowa suke suna nan da rai a garuruwan da suka yi gudun hijira. Rubuta wannan ba ya buƙatar kwangila, ga shi kuma ranar da aka koma, rigimar gonaki ce za ta fara tasowa a gaban alƙali, a wurin da shinge ya riga ya ruɓe.