Karin Hula da Lafiyar Kai

A ƙasar Hausa shigar namiji ba ta cika sai da hula. Ko da ya sa shadda mai tsada, muddin kansa a buɗe yake, to, da sauran magana. Shi ya sa muke da huluna iri-iri: ga kube da dara da haɓar-kada, ga zanna-bukar ta Barno wadda maɗinki kan shafe makonni yana yi mata aikin allura, ga kuma malfa ta kaba wadda manoma da makiyaya suka riƙa. Kowa kuma da irin karinsa. Wani ya coka ta gaban goshi, wani ya ture ta ƙeya, wani ya karkata ta gefe. Amma ban da ado, me hular nan take yi wa kan da ke ƙarƙashinta?

Zafi da gumi

Jikin ɗan Adam yana tsayar da zafinsa a wajen digiri 37, alhali a watan Afrilu zafin garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40. Babbar dabarar jiki a nan ita ce gumi. Idan ya tsattsafo ya bushe, sai ya tafi da zafin fata, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafar da ke jikinta. Hular auduga tana tsotse gumin, ta bar iska ta ratsa, don haka aikin sanyayawa ya ci gaba. Hular zaren roba kuwa tsare gumin take yi, sai kai ya zauna cikin ɗumi da laima.

Shin hula na kawo sanƙo?

Mutane da yawa sun ɗauka haka, wai don tana hana gashi shan iska. Gaskiyar magana, saiwar gashi tana cikin fata ne, kuma daga jini take samun abinci da iskar da take bukata. Sanƙon maza gado ne, wanda ke aiki tare da wani sinadari da jiki ke samarwa daga sinadarin mazakuta. Shi ne ke tsuke saiwar gashi a hankali har ta daina fitar da gashi mai kauri. Kan mutum yana ɗauke da gashi kusan 100,000, kuma 50 zuwa 100 kan zube kullum, wasu su tsiro a madadinsu. Saboda haka 'yan silin gashin da mai karatu ke gani a cikin hularsa ba laifin hular ba ne.

Inda haɗarin yake

Abin tsoron shi ne hular aro da hula mai datti. Makero, wanda ke cin kan yara ya bar fararen tabo masu zagaye, wasu ƙananan halittu ne dangin funfuna ke kawo shi. Irinsu kan yi watanni a raye a jikin mataji da aska da hula, kuma ɗumi da laima su ne taki a gare su. Babba kan ɗauke su ba tare da wata alama ba, ya shafa wa ɗansa ranar da ya ɗora masa hularsa don kwalliyar biki. Idan aka yi sakaci, wurin kan kumbura ya tara mugunya, ya warke da tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Man shafawa kaɗai ba ya kashe makeron kai, domin cutar tana cikin gashin. Sai an haɗa da maganin sha na makonni bisa umarnin likita. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne: kowa da hularsa, a riƙa kai ta wurin mai wankin hula, kuma kada a adana ta sai ta bushe sarai, domin sitaci mai laima abincin funfuna ne. Mai hula biyu ko uku da yake juyawa ya fi mai guda ɗaya tsira.

A daina raina malfa

Kube da dara tsakiyar kai kaɗai suke rufewa. Kunne da hanci da ƙeya suna nan a rana. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata, yana kuma cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido. Baƙar fata tana da sinadarin melanin da ke tare mafi yawansa, amma zabiya ba shi da wannan garkuwa, shi ya sa kansar fata ke halaka zabiyoyi da yawa a Afirka tun da ƙuruciya. A gare su, hula mai faɗin baki ba ado ba ce, magani ce. Haka kuma manomi da ɗan kasuwar da ke wuni a fili suna bukatar inuwarta.

Saboda haka a ci gaba da karin hula, a dace launinta da na riga. Amma a zaɓi ta auduga, a tsaftace ta, a ƙi ta aro, sannan idan rana ta take, a ba malfa matsayinta.