Allon da ke nuna wa direba gudunsa



Tambayar da iyaye suka fi yi mana a 'yan watannin nan ita ce: me za a yi da motoci da baburan da ke wucewa a guje ta inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta, famfo da kasuwa? Damuwar tana da tushe. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Lome, ta bi ta Atakpame, Sokode, Kara da Dapaong har Sinkase, a bakin iyakar Burkina Faso. A kanta manyan motocin da suka yi lodi a tashar jiragen ruwa ta Lome ke bi zuwa Burkina Faso, Nijar da Mali. Duk wanda ya tashi daga Pagala zuwa asibiti a Sokode, ko ziyarar dangi a Dapaong, sai ya hau ta. Da yawa daga cikinku kuma kun baro ƙauyukan da amalanke da keke suka fi mota yawa, yaranku ba su saba da irin wannan kwalta ba.

Ɗaya daga cikin dabarun rage gudu ita ce allon auna gudu mai aiki da hasken rana. Ga bayaninsa, domin mu san abin da za mu nema da abin da za mu kiyaye.

Me ya sa gudu ne babbar matsala?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Mu yi lissafin tare. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita 8 cikin daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 50 tana cin kusan mita 14, mai gudun 90 kuwa mita 25. Kafin direba ya ga abu, ya kai ƙafarsa kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Bayan ya taka ma, motar ba nan take za ta tsaya ba: in aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu.

A ce yaro ya faɗo kan hanya yana bin akuya, mita 15 a gaban mota. Direba mai gudun 30, a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau, zai iya tsayawa kafin ya kai gare shi. Mai gudun 50 kuwa, yana kai ƙafa kan birki ke nan ya iso wurin yaron. Tirela mai cike da kaya tana buƙatar nisa fiye da haka. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Stockholm a watan Fabrairu na 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da ababen hawa ke cuɗanya.

Yaya allon yake aiki?

Ana kafa shi a kan ƙarfe a gefen hanya, da faifan sola a samansa da batir a cikin akwati. Na'urar da ke ciki, wadda ake kira rada, tana aika igiyar rediyo mai rauni zuwa ga abin hawan da ke tahowa. Igiyar takan daki jikin motar ta dawo, daga sauyin da ta dawo da shi ne na'urar ke lissafa gudun. Nan take lambar za ta fito da manyan fitilu: kore in direba yana cikin ƙa'ida, ja in ya zarce. Da rana faifan yana cika batir, da dare batir ya riƙe allon, don haka ba ya buƙatar wayar lantarki. A Faransa gwamnati ta shiga kafa irin waɗannan alluna da yawa tun 2011, kuma garuruwa kan sa su a mashigar gari da kusa da makarantu.

Amfaninsa shi ne tunatarwa. Direban da ya yi awoyi a kan buɗaɗɗiyar hanya yakan shigo gari bai ji a jikinsa cewa yana gudu ba. Ɗan zemijan da agogon babur ɗinsa ya daɗe da lalacewa ba shi da abin da zai gaya masa. In lambarsa ta fito da ja a gaban fasinja da mutanen bakin hanya, kunya kaɗai kan sa ya sassauta.

Shin yana ɗaukar hoto ko duba takardu?

Mun san wanda ya gudo daga tashin hankali yakan yi ɗari-ɗari da kowace na'ura a bakin hanya. Ku kwantar da hankalinku. Allon tunatarwa gudu yake aunawa, bai san sunan kowa ba, ba ya duba katin ɗan gudun hijira, ba ya yanka tara. Abin da wasu ke ajiyewa shi ne yawan ababen hawan da suka wuce, da gudunsu da lokacin, wanda ke taimaka wa hukuma sanin sa'o'in da haɗari ya fi yawa. Ya bambanta da na'urar da 'yan sanda da jandarmomi ke amfani da ita wajen kama masu karya doka. Dokar hanya ta Togo kuwa tana kan kowa, ɗan ƙasa da baƙo.

Abin da ba zai iya ba

Allo ba ya taka wa kowa birki. Akwai direbobin da in sun saba da shi sukan daina kula, shi ya sa ya fi amfani in an haɗa shi da tudun rage gudu, zanen wurin tsallakawa da sintirin jami'an tsaro. Ƙurar hunturu kan rufe faifan, batir ya kasa cika, sai an riƙa goge shi. Wanda ya cire batir ko faifan don cajin waya kuwa, ran ɗan maƙwabcinsa ya sa a haɗari.

Me za mu yi tun yanzu?

Kafa allo a bakin hanya hurumin hukuma ne, ba wanda zai kafa shi da kansa. Namu shi ne mu kai buƙata ofishin magajin gari tare da sarakuna da mutanen gari, don hanyar ta kowa ce. Muna roƙon shugabannin unguwanni, malaman makaranta da ƙungiyar mata su rubuto mana wuraren da yara suka fi tsallakawa da lokutan da motoci suka fi gudu.

Kafin nan, kada a bar ƙaramin yaro ya tsallaka kwalta shi kaɗai. In babu gefen masu ƙafa, a yi tafiya ana fuskantar motocin da ke tahowa. Da dare a sa tufafi masu haske ko a riƙe tocila. Mai babur da wanda ya ɗauka su sa hular kwano, su ɗaure igiyarta. Fasinja kuma kada ya ji nauyin ce wa direba: "Malam, don Allah rage gudu, akwai yara a gaba."

In haɗari ya auku, a kira 118 don 'yan kwana-kwana ko 117 don 'yan sanda, sannan a sanar da ofishinmu. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya kai kowa gida lafiya.