KIWON LAFIYA: ME YA SA CIWO KE SAURIN KADA TSOFAFFI?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun sha gani: mura ɗaya ta shiga gida, saurayi ya tashi cikin kwana 3, tsoho ya yi wata yana kwance. A shekarar 2020 ma, da cutar korona ta game duniya, tsofaffi ta fi kashewa. Ga dalili.

Sojojin jiki

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikin ɓargo ake haihuwarsu. Su ne sojojin jiki. In ƙwayar cuta ta shigo, sai su kewaye ta, su zuba mata wani dafi mai ƙuna. Da iskar da muke shaƙa suke yin dafin.

Amma dafin ba ya zaɓe. In ya yi yawa, yana cin sojojin su kansu, kamar yadda tsatsa ke cin hauyar da aka bari cikin ruwa. Don haka jiki ke da maganin tsatsa. Wani shi ke ƙera shi da kansa, wani daga abinci yake samo shi, kamar bitamin C da bitamin E. Tun 1956 wani likitan Amurka, Denham Harman, ya ce wannan tsatsa tana da hannu cikin tsufa.

Ga matashi, dafi da magani suna tafiya daidai. In shekaru sun ja, maganin da jiki ke ƙerawa yana raguwa, tsatsa ta rinjaya. Sabbin sojoji su yi kaɗan, tsoffin su yi nauyin jiki. Shi ya sa miki ke daɗewa bai warke ba, kuma tarin fuka da ya yi shekaru yana kwana cikin huhu yakan farka.

Me za mu yi?

Ba mai hana tsufa, amma ana iya tallafa wa sojojin. Hura kaɗai ba ta isa. Tsohon da haƙora suka zube, a dafa masa wake ya yi laushi, a ba shi nono, ƙwai, ko kifi in an samu. Da irin wannan abinci jiki ke ƙera maganinsa.

Bitamin C yana cikin garin ƴaƴan kuka, gwaba, lemu, mangwaro, tumatir da ganyen zogale. Doguwar tafasa tana kashe shi: a zuba ganye daga ƙarshe. Bitamin E yana cikin gujiya da manta. Gujiyar da ta yi hunhuna kuwa guba ce, a zubar.

Hayaƙin taba da na itace suna ƙara tsatsa. Kada tsoho ya kwana ɗakin da hayaƙi ya cika.

Ku yi hattara da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi na kasuwa. A ƙasar Finlanda, a 1994, an gano masu shan tabar da aka ba wata ƙwaya irin wannan sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu. Abinci ya fi ƙwaya.

Wani abu kuma: tsoho yana iya yin ciwo mai tsanani ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. In ya daina cin abinci, ko hankalinsa ya rikice, ko tari ya wuce mako 2, kada ku ce tsufa ne. Ku kai shi gidan likita.

Wanda ya karanta, ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba.