Idan Injin Kwalekwale Ya Ɗau Zafi, A Fara Bin Hanyar Ruwa

Daga Yawuri zuwa ƙauyukan bakin tafkin Kainji, har Baga a gaɓar tafkin Chadi, injin da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale shi ke jigilar mutane da kifi da hatsi. Idan ya ɗau zafi, matuƙa kan ɗora laifin a kan gurɓataccen fetur ko tsufan inji. Sau da yawa matsalar ba a nan take ba. Wannan inji ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake zuƙa ta ƙananan kafofin da ke kusa da farfela, wata 'yar fankar roba mai suna imfela ta tura shi sama ya zagaye silinda ya fita. Duk abin da ya tare wannan hanya ya tare numfashin injin.

Saboda haka bincike daga ƙasa ya kamata ya fara. Leda ko ciyawar ruwa na iya toshe kafofin, kuma a rani, lokacin da ruwa ya janye, yashi injin yake zuƙa, yashin yana goge fikafikan imfelar. Tayar da inji a tudu babu ruwa, don a ji ƙararsa kawai, yana iya ƙona robar kafin minti guda ya cika. Kamfanin Yamaha ya ba da shawarar a sauya ta bayan awa 300 na aiki ko shekara 3, amma jirgin haya da ke lodi kullum yakan cinye awa 300 cikin 'yan watanni. A ganina, a ruwanmu mai yashi, jiran ta lalace ganganci ne, domin idan fikafikanta suka karye guntayen kan shige cikin hanyoyin ruwa, a sa sabuwa kuma zafin bai daina ba.

Wani zai ce ai ga ruwa yana tsartuwa ta bayan injin, me zai sa a kwance lafiyayyen abu? Tsartuwar shaida ce cewa famfo yana aiki, iyakarta ke nan. A injina da dama tana fitowa ko da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, ya maƙale a rufe ya hana ruwa ratsa kan silinda. Haka kuma ɗaukewarta ba kullum ke nufin famfo ya mutu ba: zanzaro kan cika ƙofar tsartuwar da laka, siririyar waya ta isa ta buɗe ta. Wasu makanikai kuwa cire tamostat ɗin suke yi gaba ɗaya su ce sun huta. Ban yarda da wannan ba, domin injin da ke aiki a sanyaye ba ya ƙona mai sosai, fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa zurarewa.

Cikin dalilan ƙin sauya imfela, hujjar tsada ita ce mafi nauyi, kayan gyara na asali ba su da araha kuma jabu sun cika kasuwa. Sai dai a gwada kuɗin imfela da na fistan da gaskit idan inji ya buga, balle ya buga a tsakiyar Kainji da fasinja cike ana iska. Idan hanyar ruwa ta fita zargi, sannan a koma kan ƙarancin baƙin mai a cikin fetur, da lodin da ya fi ƙarfin injin, da farfelar da ba girmansa ba.